Wa Ya Ari Me? Kundin Aikin Ɗakin Karatunmu na Rusaifa

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Yau muka buɗe kwali na ƙarshe. Littattafan marigayi Kaka, da suka shekara biyu a ɗaure tun tasowarmu daga tsohon gida na Sharar Mansur, yanzu duk sun hau kanta a ɗakin ƙasa na gidan Baffa a nan unguwar Rusaifa, cikin Makka. Ƙidayar farko ta ba mu 2,300 da 'yan kai. Mafi yawa na Larabci ne, fiƙihun Malikiyya da tafsiri da nahawu, sai na Hausa, boko da ajami. Akwai kuma kwali huɗu na littattafan soyayya na Kano. Waɗannan ba Kaka ya saya ba, alhazai ne suka riƙa baro wa matan gida su shekara da shekaru har suka zama tsibi.

Wasiyyarsa ita ce a bar su waƙafi, duk mai so ya zo ya ara. Haka dama yake yi da ransa: ka zo ka ɗauka, ya rubuta sunanka a wani daftari mai baƙin bango, in ka mayar ya ja layi. Baffa ya ce tunda ni ne kullum ke hawa jirgin Haramain zuwa Jidda da sunan aikin kwamfuta, ni zan mayar da daftarin nan cikin na'ura. Ban yi gardama ba.

Koha na zaɓa. Manhaja ce ta ɗakunan karatu da aka fara rubutawa a Niyu Zilan a 1999, don ɗakunan karatu na gundumar Horowhenua, kuma sunan ma a harshen Mawori kyauta yake nufi. Tana jin Larabci, tana bin rubutu daga dama zuwa hagu, ba ta neman ko riyal ɗaya. Zan riƙa rubuta abin da aka yi a nan, saboda wanda zai gaje ni ya san inda aka kwana.

Talata, 15 ga Oktoba

Na ɗora Debian, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, a kan wata tsohuwar kwamfuta, na ɗora Koha a kanta. Littattafai bugun Beirut da Alƙahira ba su ba mu wahala ba, yawancinsu ta hanyar Z39.50 ake janyo bayanansu daga rumbunan manyan ɗakunan karatu, sai ɗan gyara. Na ajami kuwa sai da hannu, Baffa na karanto mini ina bugawa.

Taƙaddamar farko a kan fom ɗin rajista ta taso. Ƙanena, wanda shi zai riƙa zama a teburi bayan La'asar, ya tsara shi kamar na banki: cikakken suna, lambar iƙama, wato takardar zaman baƙo, ko katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa, unguwa, lambar jawwal, wato wayar hannu, biyu. Hujjarsa, in mutum ya gudu da littafi ta ina za a kamo shi? Baffa ya bari ya gama, sannan ya ce, "Kai yaro, a unguwar nan in ka tambayi mutum lambar iƙamarsa ba zai ce maka a'a ba. Cewa zai yi bari ya je ya ɗauko. Shi ke nan kun rabu." Duk wanda ya tashi cikin Hausawan Makka ya san inda maganar ta dosa. Akwai 'yan ƙasa waɗanda kakanninsu suka zo a ƙafa ta Sudan, akwai masu iƙama, akwai wanda takardarsa ke hannun kafili, wato wanda ya tsaya masa, ana jiran sabuntawa, kuma ba mai son a tona a wane layi yake saboda aron littafin nahawu.

Abu uku muka tsayar: sunan da aka san mutum da shi, lambar jawwal ɗaya, da lambar katin da mu za mu ba shi. Sauran guraben na cire su daga fom ɗin ɗungurungum, don gurbin da aka bari a buɗe wata rana sai an sami mai cike shi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mako biyu ke nan da fara ba da aro ta na'ura. Masu kati 61. Komai lafiya lau, sai jiya.

Ba na nan abin ya faru. Ƙanena ne ya ba ni labari da dare, kuma da dariya ya fara. Wani magidanci, ya san mu mun san shi, ya shigo bayan Magariba ya ce iyalinsa ce ta aiko a duba ko akwai littafin da ya rage a hannunta. Yaro ya buga sunanta ya ce babu, duk ta mayar. Mutumin ya ce to me da me ta ɗauka? Shi kuwa, don ya nuna gwanintar na'ura, sai ya buɗe shafin tarihin aronta ya juya masa allon. Littattafai uku ne: ɗaya na girki, biyu na fiƙihun iyali, ɗaya daga cikin biyun a kan hukuncin hul'i kaɗai yake magana, wato rabuwar aure da mace ke nema. Mutumin ya yi shiru, ya ce "ɗayyib", ya fita ba sallama.

Ƙanena bai ga aibun abin ba sai da ya dubi fuskata.

Abin da ya biyo baya a gidan nan ba hurumina ba ne. Wataƙila don wata ƙawarta ta karanta, wataƙila darasi ne aka ba su a halƙar karatu ta mata, wataƙila kuma abin da mijin ya zata ɗin ne. Ko ma wanne ne, ba daga bakinmu ya kamata ya ji ba. Ta zo wurin littafi ne saboda littafi ba ya tsegumi. Da tana son a sani, da malami ta je ta tambaya a gaban jama'a.

Ba yaron na zarga ba, kaina na zarga. Yadda Koha take aiki, da zarar an mayar da littafi sai layin aron ya tashi daga jerin abin da ke waje ya koma jerin tsofaffin aro, da sunan mai aro da lambar littafi da rana da sa'a, ya zauna nan daram in ba ka ce a goge ba. Na san haka tun ranar da na ɗora ta. Murna ma na yi, na ce ga abin da ya fi daftari. Alhali daftarin Kaka, kafin ka haɗa abin da mutum ɗaya ya ara a shekara sai ka bi shafi ɗari da yatsa, sai ka iya karanta hannun Kaka, kuma Kaka na zaune yana kallonka ta saman tabarau. Ashe wahalar nan ita ce kwaɗon ƙofar. Na zo na cire ta ban sa komai a gurbinta ba.

Kafin in kwanta na shiga saiti na kashe wa masu teburi damar ganin tarihin aron mutane. Makunni ɗaya ne tak. Amma na san ƙofa kawai na ja, kayan suna nan a ɗaki.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Mun zauna bayan Isha'i, ni da Baffa da Baffa Ƙarami da ƙanena. Shawarata guda: da an mayar da littafi a goge sunan mai aro, kowa da kowa.

Na yi shiri kafin in zo. Na gaya musu masu sana'ar nan sun daɗe da cin karo da wannan. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka tun 1939 ta rubuta a ƙa'idojin aikinta cewa abin da ma'aikaci ya sani game da mai karatu sirri ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka yi dokar PATRIOT, wadda sashe na 215 nata ya sauƙaƙa wa hukuma neman bayanai, sai ɗakunan karatu da dama a can suka koma goge tarihin aro da wuri, bisa lissafin cewa abin da ba ka ajiye ba babu mai matsa maka ka fito da shi. A 2005 wasu ma'aikatan ɗakin karatu su huɗu a jihar Konetikat suka je kotu kan wata wasiƙar FBI mai neman bayanan masu amfani da na'urorinsu, aka hana su ko buɗe baki a kan maganar sai a 2006.

Baffa Ƙarami ya ce wannan duk labarin Amurka ne, mu wa zai turo mana FBI? Gaskiyarsa kuwa. Abin tsoronmu ba ya zuwa da kaki. Miji ne, suruka ce, maƙwabci ne, yaron teburi ne wanda ajinsu ɗaya da ɗanka. Babban ɗakin karatu na birni, ma'aikacin bai san ka ba, sunanka lamba ce kawai a wurinsa. Mu nan duk wanda ya shigo mun san gidansu har kakarsa.

Sai na dawo gida. Saudiyya na da dokar kare bayanan mutane, an fitar da ita a 2021, an yi mata gyara a 2023, ta fara aiki ran 14 ga Satumba 2023 tare da rangwamen shekara guda don kowa ya shirya. Wa'adin ya cika ran 14 ga Satumban bana, yau wata biyu cif. Hukumar SDAIA, wadda ake kira Sadaya, ita ke sa ido. Abin da dokar ke cewa a dunƙule: kada ka karɓi fiye da abin da kake buƙata, kada ka riƙe bayan buƙatar ta ƙare, kuma mai bayani na da haƙƙin ya ga nasa ya ce a goge. Ta ware wasu bayanai ta tsananta a kansu, ciki har da na aƙida da na lafiya. Jerin aro ba takardar asibiti ba ce, amma wanda ya ari littafi uku a jere kan rashin haihuwa ai ya gama faɗin abin da takardar za ta faɗa.

Baffa bai tanka kan Amurka ba, bai tanka kan doka ba. Ya karanto "wa la tajassasu" daga Suratul Hujurati, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, a goge. Na tashi ina jin na ci gari.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Gwaggo ta aiko a kira ni sama.

Ta haura saba'in, kuma ita ce babbar mai cin kwalayen Kano huɗun nan. Labari ya isar mata cewa na ce na'ura ta riƙa mantawa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗana, ina murna an kawo abin da zai riƙa tuna mini, kai kuma ka je kana koya masa mantuwa? Mantuwa ai ina da ita a ɗaki."

Littattafan nan kashi-kashi ne, na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu, bangonsu kusan iri ɗaya, sunayensu na kama da juna. Ita ƙafa ba ta barin ta sauka, jika take aikawa. A da, sai a kawo mata wanda ta gama, ta kai shafi na ashirin kafin ta gane ta san ƙarshen labarin. Cikin 'yan makonnin da na'ura ke tunawa ƙanena na duba mata, ba a sake kawo mata maimai ba. Yanzu na toshe.

Na ce, "Gwaggo, asirinki nake rufawa." Ta ce, "Wane asiri? Duk Rusaifa an san ina karanta soyayya. Mai asiri ka rufa masa nasa, ni ka bar mini lissafina."

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Wani ɗalibin jami'ar Ummul Ƙura mai rubuta risalar majistir, wato kundin digiri na biyu, ya ce jerin abin da ya ara shi ne rabin madogararsa, in na goge na kashe shi. Wani dattijo mai bin tafsiri juzu'i-juzu'i ya ce shi ba ya riƙe inda ya tsaya, littafin aro ke riƙe masa tun zamanin Kaka. Na sauko daga benen a sanyaye. Karo na biyu ke nan ina yanke wa mutane hukunci a kan abinsu ban tambaye su ba.

Litinin, 16 ga Disamba

Abin da nake nema ashe yana cikin Koha, a kashe yake kawai. In ka kunna shafin sirri a ɓangaren masu karatu, kowa na iya zaɓar ɗaya cikin uku: a ajiye masa tarihinsa har abada, a bi tsarin ɗakin karatu, ko kada a ajiye ko kaɗan. Akwai kuma maɓallin da mutum zai danna ya share nasa nan take.

Gogewar ba share layin ba ce. Sunanka ake cirewa a jingina aron ga wani katin da ba na kowa ba, don ƙidayar sau nawa aka ari littafi ta zauna daidai. Kai za ka ƙirƙiri katin da hannunka ka faɗa wa manhaja lambarsa. Ni na manta da wannan, na kwana biyu ina zaton aiki na tafiya, sai da na ci karo da gargaɗi a shafin bayanin tsarin. Mun raɗa wa katin suna Wane Ɗan Wane. Yanzu shi ne ya fi kowa karatu a Rusaifa.

Tsarin gida kwana 30 ne bayan mayarwa, wani aiki da ke tashi da tsakar dare ya cire suna. Wanda bai zaɓi komai ba nan ya faɗa. Gwaggo na hau mata da kwamfutar hannu ta danna har abada da yatsanta, sannan na kunna mata gargaɗin da ke fitowa a teburi in za a ba mutum littafin da ya taɓa ara. Mai teburi ba ya ganin jerinta, na'ura kawai ke ce masa ta taɓa ɗaukar wannan.

Yadda za a yi tambayar ya ci mana lokaci fiye da saitin. Mun gwada dogon bayani, mutane suka riƙa cewa "duk yadda kuka gani". Abin da ya yi aiki gajere ne: "Kina so na'ura ta riƙa tuna miki abin da kika karanta, ko ta manta?"

Laraba, 1 ga Janairu 2025, ɗaya ga Rajab

Yau na ce bari in zama mijin nan, amma mijin da ya iya kwamfuta. Na shiga rumbun bayanan kai tsaye ina neman abin da baiwar Allah nan ta ara a Oktoba. A jerin tsofaffin aro babu ita, Wane Ɗan Wane ya ɗauke. Na yi hamdala. Kafin a kira Isha'i na same ta a wuri huɗu.

Koha na da wani teburin ƙididdiga na daban, inda kowane aro da kowace mayarwa ke barin layi da lambar mai kati da lambar littafi, kuma aikin daren nan ba ya taɓa shi. Tana da kundin ayyuka mai rubuta wa ya ba wa me, ƙarfe nawa. Saƙonnin tunatarwa da take aikawa su ma suna nan a jibge da sunayen littattafai a ciki. Waɗannan ukun akwai wani aikin shara da ke kwashe su in ka ba shi adadin kwana, na sa shi a kan 30 kamar na farko. Ƙidayar da Baffa ke so, littafi nawa aka ara a wata, zan riƙa fitar da jimillarta kafin shara ta wuce. Tun fitowar sigarta ta 20.11 Koha na da wata hanya ta ajiye ƙididdiga da lambar ɓoye a madadin suna, amma na bar ta. A wurin da manyan mata masu kati ba su kai arba'in ba, ɓoye suna ba ya ɓoye mutum.

Na huɗu ni na haƙa shi da hannuna. Kowace Alhamis ina kwafe rumbun duka a filashi saboda tsoron kwamfutar ta mutu. Kwafi goma sha ɗaya, tun Oktoba, kowanne da komai a ciki, a aljihun teburin da ba ya kulluwa. Na bar huɗu na baya-bayan nan na share sauran, filashin ya koma akwatin Baffa.

Akwai na biyar, wanda ba ya cikin na'ura sam. Ƙanena, don kirki, yana tunatar da mutane ta WhatsApp daga wayarsa, da sunan littafin ɓaro-ɓaro. Gida nawa ne jawwal ɗaya ke yawo hannu-hannu? Daga yau saƙon shi ne "akwai littafinmu a hannunki", ba ƙari.

Saura ni. Mai riƙe da babban makulli yana ganin komai, har jerin Gwaggo. Wannan ba saitin da ke gyara shi. Na rubuta kalmar sirrin na rufe a ambulan na ba Baffa, na kuma gaya masa in ya ga dama ya karɓe aikin daga hannuna ko yaushe.

Asabar, 18 ga Janairu

An tarar da juzu'i na uku na wani tafsiri tsohon bugun Masar, shayi ya jiƙa kusan shafi arba'in, sun manne. Wanda ya mayar da shi yana cikin masu "kada a ajiye". Baffa Ƙarami ya hau sama. Ya ce ga amfanin rufin asirin naku, dukiyar waƙafi na lalacewa ba a san wa za a tambaya ba.

Akwai makunni a Koha da ke riƙe sunan wanda ya mayar da kowane littafi a ƙarshe, ko da mutumin ya zaɓi a manta da shi. Ya ce a kunna. Na ƙi. Mun dubi idon mutane mun ce musu na'ura za ta manta, in muka kunna wannan a ɓoye ƙarya muka yi musu, in kuma muka faɗa musu to zaɓin ya zama na banza. Amma ban raina fushinsa ba, littafin nan ba a samun irinsa a kasuwa. Mun rabu a kan cewa mai teburi zai buɗe littafi ya duba a gaban mai mayarwa kafin ya shigar, sannan rubuce-rubucen hannu da tsofaffin bugu, guda 140, sun daina fita, a ɗaki za a karanta su.

Ya kuma kawo wata: a sa mata da 'ya'ya mata a ƙarƙashin katin maigida. Koha na ba da damar haɗa kati da na waliyyi, amma in aka haɗa, abin da ke hannun wanda aka haɗa yana fitowa a shafin waliyyin a teburi. Na ce yara ƙanana na yarda. Matan aure ban yarda ba. Ba a gama ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ɗalibin nan na Ummul Ƙura ya ga daftarorin Kaka a kan kanta, guda uku, na farko ya fara daga 1394, wato 1974. Ya kusa tashi sama don murna. Ya ce wannan tarihin karatun Hausawa ne a Hijaz, wa ke karanta me, wane littafi ya yi tashe a wace shekara, a ɗauki hotonsu a sa a intanet. Na ce zan duba. Da dare na ɗauko su da niyyar in ga ko hannun Kaka zai karantu a hoto.

A daftari na biyu na ci karo da mahaifiyata.

Kaka bai rubuta sunanta ba. "Amaryar gida" ya rubuta, sai shekarun suka gaya mini wace ce. Tsakaninta da shi kunya ce ta suruki, ban taɓa jin an ce sun yi doguwar magana ba, ta hannun yara take aike. Ni a sanina Inna Alƙur'ani kawai take karantawa. Ga ta nan a shafi bayan shafi: ƙaramin littafin ibada, sai wani da ya fi shi, sai tarihin Annabi, sai waƙoƙin ajami. A shekarar 1408 kuwa, littafi ɗaya ta ara sau uku cikin wata biyar, wani ɗan siriri mai ba iyaye haƙuri kan rasa ɗa. Shekarar ce yayata ta rasu tana jaririya, kafin a haife ni. Inna ba ta taɓa yi mini maganarta ba, ko sau ɗaya, har ta koma ga Allah. A karo na uku Kaka bai ja layin mayarwa ba. Na duba kanta, littafin ba ya nan. Ya bar mata.

Na daɗe a zaune. Ba abin da na gada daga gare ta da ya kai waɗannan layukan a wurina. Kuma tsarin da na kwana wata huɗu ina ginawa, aikinsa ke nan ya tabbatar ba wani ɗa da zai sake samun irinsu. Bayan shekara talatin jikan wani zai buɗe rumbunmu ya tarar Wane Ɗan Wane ne ya ari komai.

Can kuma wani tunani ya zo wanda ban so ba. Ita ba ta gaya mini ba. Ta yi shekaru tana iya faɗa, ta zaɓi shiru. Na zo da tsakar dare na bi sahunta a daftari na karanta abin da ta rufe. Me ya raba ni da magidancin nan na Nuwamba, in ban da cewa ni kuka na yi?

Da safe na gaya wa Baffa. Ya ce ya san da layukan, ya gan su tun rasuwar Kaka, bai ga dalilin nuna mini ba. Game da intanet ya ce a'a, rabin sunayen nan 'ya'yansu na raye a Hindawiyya da Misfala, mamaci ma yana da asiri. Daftarorin sun shiga akwati. Na roƙa wa ɗalibin alfarma ɗaya: ya zauna a gaban Baffa ya ƙirga littattafai da shekaru, ba ya kwafar suna. Baffa ya ce zai yi tunani.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ana sa ran azumi jibi. Inda aka kwana: littattafai 1,870 sun shiga na'ura, saura yawanci na ajami ne. Masu kati 118. Mutum 34 sun zaɓi har abada, mafi yawansu tsofaffi da ɗalibai. Mutum 19 sun zaɓi kada a ajiye. Sauran na kan kwana 30.

Na lura zaɓin kansa magana ne. Wata yarinya ta miƙa yatsa za ta danna "kada a ajiye", ta dubi ƙanena, ta janye. Mun mayar da kwamfutar hannun lungu, bayanta ga teburi.

Cikin azumi za a riƙa buɗewa bayan Tarawihi kawai. Maganar katin matan aure tana nan, Baffa Ƙarami ya ce sai bayan Salla. Ina kuma so in buga wa masu har abada jerinsu a takarda duk ƙarshen shekara su tafi da shi gida, wanda ya so ya ajiye wa 'ya'yansa, wanda ya so ya ƙona. Ban kawo wa Baffa wannan ba tukuna.

Katin baiwar Allah nan yana nan, ba a ari komai da shi ba tun Nuwamba. Sau biyu ina rubuta mata takardar ban haƙuri ina yagawa, don ba ni da tabbacin hannun da za ta faɗa. Gwaggo ta ce in bar mata, ko da kujera ce za ta sauka masallaci a daren farko, sahunsu ɗaya.